Motar Da Ta Karkata Babu Kowa a Ciki

Ku matso, ku rage murya. Talatu, saki hannuna, ai ban ma fara ba.

Kun san Mudi rewaya, mai gyaran wutar mota na bayan tasha? Shi ke saita na'urar nan da ke hana mota zamewa a kwana. Kowace mota da nata saitin, na bas daban, na ƙaramar mota daban. Mudi ya iya aiki, amma akwai taurin kai.

Wata ranar Talata da tsakar rana, gareji tsit, wani dogon mutum ya kawo baƙar mota. Ya ce tana taka birki da kanta a kwana. Bakinsa na motsi, amma muryar kamar daga ƙarƙashin motar take fitowa.

Mudi ya ajiye ta a shimfiɗaɗɗen wuri, ya miƙar da sitiyari, ya jona kwamfuta. Kwamfuta ta nuna motar ta karkata hagu, kamar an yi mata lodi. Ya leƙa baya. Babu ko tsinke.

Mutumin ya ce, "Saita ta da nauyinta, Malam. Kada ka ce babu kowa."

Mudi ya yi dariya a ransa. Ya goge tsohon saitin, ya saita ta a matsayin fanko, ya fita gwaji shi kaɗai a tsohuwar hanyar rafi.

Tun kafin kwana ya ji sanyi a ƙeyarsa. Kujerar baya ta yi ƙara. Ya karya sitiyari, bayan motar ya kwashe, ta nufi rami. Na'urar ba ta kama ba, don ya gaya mata motar babu kaya.

Sai wata tsohuwar murya ta ce a kunnensa, "Mu bakwai ne, yaro. Ku na baya, ku matsa dama."

Ya ji nauyi ya gangara ɗaya gefen. Motar ta daidaita, ta tsaya dab da bakin ramin.

Mudi ya fito yana salati. Tayoyin baya sun lotse cikin ƙasa. Da gudu ya koma gari, ko takalmi babu. Mutumin na tsaye a gareji, yashi ko'ina, amma babu sawunsa ko ɗaya.

Wallahi ni kaina tsoro nake ji. Har yau Mudi ba ya buɗe ƙofar bayan mota sai ya yi sallama. Ku kuma, ko da rana tsaka, kada wanda ya bi hanyar rafin nan shi kaɗai.