Sai Lahadi Mai Zuwa

A can wani zamani, a wani ƙauye, an yi wani masaƙi wanda zannuwansa suka yi suna har birni. Mahaifiyarsa ta tsufa, idanunta sun raunana, ba ta iya zuwa majami'a sai da mai riƙe mata hannu.

Ran nan da safe ta ce, "Ɗana, yau Lahadi ce, zo ka raka ni sujada."

Ya ce, "Inna, fatake na jiran kaya. Sai Lahadi mai zuwa."

Lahadi ta zagayo, ta sake roƙonsa. Ko kai bai ɗaga ba, ya ce, "Sai Lahadi mai zuwa, Inna." Daga nan wata maƙwabciya ta riƙa zuwa tana jan hannunta.

Masaƙi ya sayi shanu, ya gina soro, ya cika rumbuna. Ana cikin haka, Inna ta kwanta ciwo, kafin damina ta faɗi Ubangiji ya kira ta.

Bayan an binne ta, ya tafi majami'a shi kaɗai. Da aka tashi, maƙwabciyar ta tare shi a bakin ƙofa, ta ce, "Ashe ka zo. Duk Lahadi, ana waƙa Inna tana juyowa wajen ƙofar nan, tana ce mini, 'Saurara, kamar takun ɗana nake ji.'"

Masaƙi ya durƙusa nan ƙasa, ya rufe fuska, ya yi ta kuka.