Roron Goggo Tabawa

Da hantsi Tonakaf, na'urar cire gyaɗa, ta shiga gonar gabas, tana taku a kan ƙafafunta takwas masu faɗin tafi irin na raƙumi, don kada ta nutse a yashi. Bayanta baƙi ne wuluk, da shi take shan hasken rana, kuma shi ke nan abincinta. A ƙarƙashin cikinta akwai idanu goma sha biyu, kowanne ya kai ƙwan jimina, ana kiran su idon-ƙasa. Ba da haske suke gani ba. Wata siririyar ƙara suke aikawa cikin ƙasa, wadda kunnen mutum ba ya ji, in ta daki ɓawon gyaɗa sai ta dawo ta faɗi inda yake. Nan take yatsun roba ɗari huɗu za su nutsa cikin yashi su ɗauko shi a hankali, kamar mace na tsince tsakuwa a shinkafa. Harawa na fita ta dama a ɗaure, gyaɗa na hawa sama a kakkaɓe. Karnuka ba sa ƙaunar ta, don su suna jin ƙarar. Balbelu kuwa bin ta suke yi a baya, sun ɗauka wata irin saniya ce.

A nan Tudun Yashi aka ƙera ta, tun daga ƙusa har ƙwaƙwalwa. Da Hausa take magana, har da karin harshen garin, domin muryar wata mai shela a tashar jirgin ƙasa aka ara mata. Duk baƙon da ya sauka, kafin a ba shi ruwa sai an tambaye shi ko ya ga Tonakaf.

Wannan kuwa a shekara ta dubu biyu da tamanin da takwas ne, lokacin da noma ya riga ya sake kama. Damina ta gajarce ta koma wata biyu da rabi. Gonakin gado da aka yi ta rabawa har wasu suka koma kamar faɗin tabarma, an haɗe su wuri guda a hannun ƙungiyar manoman gari. Samari da 'yan mata sun koma aiki a benayen lambu, inda ake shuka tumatir da alayyafo hawa-hawa a cikin ruwa, ba ko ƙwayar ƙasa. Ruwan ma daga iska ake tatso shi da wasu manyan taruna da aka kafa a bayan gari. Kowace Juma'a 'yar kurar kaya mai tuƙa kanta za ta tsaya a ƙofar kowane gida da rabon abinci daga Rumbun Gari. Yunwa ta zama labarin da ake ba yara.

Gyaɗa ce kaɗai ta ƙi hawa bene. Ita tun asali halinta daban ne: ta yi fure a sarari, sannan ta sunkuyar da kai ta binne 'ya'yanta. An yi mata dabara iri-iri ta ƙi. Dole aka bar ta a yashi, ga shi kuma babu sauran masu sunkuyawa su tuge ta. Shi ya sa Injiniya Hansatu ta kwashe shekara goma sha ɗaya tana ƙera Tonakaf.

Hansatu marainiya ce. Ƙanwar mahaifinta, Goggo Tabawa, ita ta raine ta, kuma da roro ta raine ta. Roro shi ne, bayan mai gona ya cire gyaɗarsa ya tafi, sai mata su shiga da 'yar fartanya da ƙwarya su tono wadda ta tsinke ta ɓuya a ƙasa. Ba a neman izini, ba a godiya, ba a kuma tambayar mace nawa ta samu. Hansatu ta tashi tana ganin bayan Goggo a lanƙwashe cikin rana, ta ƙudurta a ranta cewa in ta girma ba wata tsohuwa da za ta ƙara sunkuyawa saboda gyaɗa.

Ranar da aka gama gonar gabas, ma'auni ya nuna ba a bar ko ƙwaya ɗaya a ƙasa ba. Aka yi ta guɗa a bakin gona. Labari ya bazu, har wakilan ƙasashe bakwai suka aiko cewa za su zo su gani da idonsu. In abin gaskiya ne, za a ɗauki tsarin a ƙera irinta a duk ƙasashen da ruwa ya yi wa ƙaranci, da sunan Tudun Yashi a goshinta.

Washegari matan roro suka fito. Su goma sha tara suka rage a garin duka, ƙaramarsu ta haura sittin. Suka yi ta tono tun safe har azahar. Abin da aka samu, wata ta tono guntun tulu, wata ta tono ƙwaro. Goggo Tabawa ta kife ƙwaryarta a ka ta koma gida ta kwanta.

Ba zazzaɓi, ba ciwon kai. Likita ya zo da ɗan madubinsa mai leƙa jini, ya ce lafiyarta lau, abinci ne ba ta ci. A kwana na huɗu Hansatu ta durƙusa a gefen gadonta da kofin kunun gyaɗa.

"Goggo, ko cokali biyu."

"Na wace gyaɗar ne?"

"Ta rumbu ce, mai kyau. Ni na zaɓo da kaina."

"Ajiye, Hanse. Na gode."

"Ai kin saba cin rabon Juma'a, Goggo. Me ya sake?"

"Tuwon rana ne wannan, kowa na ci. Amma shekarata saba'in ban karya kumallo da abin da wani ya miƙo min ba. Tawa ta bara ta ƙare shekaranjiya. In ban karya da tawa ba, sauran ba ya wuce min maƙogwaro."

Malam Tanimu, babban bakaniken da ke kula da Tonakaf, taubashin Goggo ne, ba sa haɗuwa ba su taɓa juna ba. Ya leƙo daga bakin ƙofa yana goge hannu da tsumma.

"Tabawa, tashi ki daina langaɓewa. Gyaɗa ce ta gane ki, ta gudu."

"Ji mai magana. Ka tsufa kana wanke wa ƙarfe ƙafa."

"Ƙarfen nan ya fi ki ido."

"Ya fi ni haɗama dai," in ji ta, ta juya fuska bango.

Hansatu ba ta ga abin wahala a nan ba. Ta koma rumfar gyara ta ba Tonakaf sabon umarni: a gonar kudu, duk taku goma ta bar ƙwaya bakwai a ƙasa. Aka aika wa matan cewa a wannan karon akwai roro. Goggo ta tashi da kyar, ta dogara sanda, ta bi su.

Ta sa fartanya, ta tono bakwai. Fuskarta ta washe. Ta matsa gaba, ta tono bakwai. Ta sake matsawa, bakwai. Sai ta miƙe ta dubi sauran matan. Ga su nan a jere kamar sahun salla, kowacce na taku goma tana sunkuyawa. Ta juye ƙwaryarta a ƙasa, gyaɗar ta zube.

"Hanse, zo nan. Tsaba kika watsa mana? Kaji ne mu?"

"Goggo, kuskurena ne da na jera su. Zan sa ta warwatsa, nan uku, can babu, can goma. Wallahi ba za ki gane ba."

"Ita za ta san inda ta bari?"

"Za ta sani."

"In kin tambaye ta, za ta gaya miki?"

Hansatu ta dubi gyaɗar da ke zube a ƙasa.

"To sadaka ce, 'yar nan. Sadaka ba laifi ba ce, amma ni ban roƙa ba. Roro abin da mai gona ya nema da gaske ne bai gani ba. Allah ne ya ɓoye masa ya ajiye min. Ba wanda zan haɗu da shi a hanya in sunkuyar da kai."

Ɗaya bayan ɗaya sauran matan suka juye nasu. Balbelu suka sauko suna leƙawa, su ma ba su ci ba, don ba cimarsu ba ce. Wannan karon a kura aka mayar da Goggo gida, ƙafafunta sun ƙi ɗaukar ta. Likita ya ja Hansatu gefe ya ce tsohuwar da ta kai waɗannan shekaru ba ta jure mako biyu a haka.

Saura kwana uku baƙi su iso, kuma gonar arewa kaɗai ta rage, ita aka tanada don gwaji. Hansatu ta zauna a ƙarƙashin cikin Tonakaf tana kallon idanun nan goma sha biyu. Kowanne ta san ranar da ta haɗa shi. Na bakwai ma sai da ya ci mata shekara biyu, har ya bar mata tabo a babban yatsa. Ta gwada dabara a kwamfuta ta goge, ta sake ta goge. Duk umarnin da ta rubuta, a ƙarshe dai na'urar ta gani ta bari ne da gangan.

Tanimu na zuba mai a gwiwar ƙafa ta uku, ya ce ba tare da ya ɗago ba, "Injiniya, ni ban yi karatunku ba. Amma mahaifina gyaɗa yake nomawa, kuma bai taɓa barin ko ɗaya don tausayi ba. Mutum ne mai maƙo. Idonsa ne dai biyu, bayansa kuma na ciwo."

"Na sani, Malam Tanimu."

"To, ni dai ban ce komai ba."

Ranar gwaji gari ya fito kaf. Aka kafa rumfuna, aka zaunar da wakilai a gaba, shugaban ƙungiyar manoma ya sha babbar riga yana ta nuna musu ƙafafun raƙumi. Kafin a tayar da na'urar, Hansatu ta karɓi sifana daga hannun Tanimu ta shiga ƙarƙashi. Mutane suka ɗauka dubawar ƙarshe take yi. Ba ta fi kwata ɗin awa ba ta fito rungume da idanu biyu, na huɗu da na bakwai, ta naɗe su a gyalenta.

Tonakaf ta yi magana da muryar mai shela, kowa ya ji. "Ina gani dishi-dishi a wuri biyu. A kira bakanike?"

"A'a," in ji Hansatu. "Yi aikinki iyakar ƙoƙarinki."

Ta kuwa yi. Ta bi gonar arewa layi-layi tana nema da gaske, yatsunta na lalube a inda ba ta gani, wani lokaci ta dace, wani lokaci ta wuce. Da la'asar ma'auni ya ce an samu kamar kashi casa'in da shida cikin ɗari. Sauran huɗun kuwa, ba na'urar ba, ba Hansatu ba, ba wanda ya san inda suke.

Shugaban ƙungiya ya zo yana huci ƙasa-ƙasa. "Injiniya, a gaban baƙi? Ki mayar yanzu a sake."

"Ranka ya daɗe, sun ga sakamakon gonar gabas a rubuce. Mun iya. Ba wanda ya taɓa yi a duniya sai mu. Yau kuma mun ga dama mun bari."

Wakilan suka yi rubuce-rubucensu, suka yaba da ladabi, suka hau jirgi. Daga baya aka ji sun ɗauki tsarin wani gari can gabas, wanda na'urarsa ba ta barin komai. Wasu a Tudun Yashi har yau ba sa amsa gaisuwar Hansatu da sakin fuska, kuma ba za a ce ba su da hujja ba, don kashi huɗu na gonar arewa abinci ne mai yawa. Wasu kuma, in baƙo ya zo, idanun da babu su suke fara nuna masa, suna faɗa da alfahari cewa ai tasu ce kaɗai aka rage wa gani da gangan.

Tanimu ne ya kai wa Goggo labari. Ya ce, "Tashi, an tsone wa abokiyar gabarki ido." Ba ta yarda ba sai da aka kwance gyalen a gabanta, ta shafa idanun da hannu, ta ga ramukan da ƙusoshi suka fita.

Da safe aka kai ta bakin gonar arewa a kura, ta ce a sauke ta nan. Ta shiga da rarrafe, don tsayuwa ta gagara. Ta yi tono ya kai rabin awa ba ta samu komai ba, tana mita tana tsine wa yashi. Sannan ta tono uku, ɗaya ruɓaɓɓiya. Ta jefar da ita, ta fasa ɗaya da haƙoran da suka rage mata, ta yi bisimilla ta ci ɗanya a wurin.

Sai da rana ta take sannan ta yarda aka fito da ita, ta rufe ƙwaryarta da faifai. Hansatu ta tare ta a bakin gona, ta kai hannu za ta ɗaga faifan.

"Goggo, nawa kika samu?"

Goggo ta buge mata hannu. "Duk karatun naki? Ba a tambaya. Je ki hura min wuta."

Goggo Tabawa ta ƙara shekara shida a duniya. Matan roro kuwa kullum raguwa suke yi, bana saura bakwai, kuma a kowane taron ƙungiya sai wani ya miƙe ya tambaya yaushe za a mayar da idanun. Tonakaf ma ba ta daina tambaya ba. Ba a koya mata haƙura da lahani ba, saboda haka duk safiyar da aka tayar da ita, kafin ta ɗaga ƙafa, sai ta ce tana gani dishi-dishi a wuri biyu, ko a kira bakanike. Hansatu takan dubi gonar, ta ce, "Ba yau ba."