Mai Cin Daɗin Lailatu

Ana kiran sallar magariba a Jega, Atika na kwashe tuwo, dutse ya faɗo kan kwanon rufi. Wani ya biyo baya ya fasa randa. Aka leƙa bayan katanga, babu kowa.

Gidan Jelani mahauci ne, mijin Atika. 'Yarsu Lailatu ta daɗe cikin ciwon damuwa; abinci, hira, biki, babu abin da ke mata daɗi. Yayanta Nuraddeen ya kai ta wurin wasu likitoci masu bincike a Aliero, masu ɗora na'urar maganaɗisu a gefen goshi, tana ƙwanƙwasawa tana motsa ƙwaƙwalwa ba tare da yanka ba. Makon da Lailatu ta fara dariya, makon aka fara jifa.

Wata magariba wuƙaƙen Jelani suka tashi daga faifai suka kafe a ƙyaure. Lailatu ta miƙe, ta shaƙe Nuraddeen da hannu ɗaya, ta maka shi da bango har haƙorinsa ya fita. Uban ya riƙe ta, ta murɗe masa hannu. Kowa ya ji ƙarar ƙashi.

Aka ɗauko Malam Sahabi daga Maiyama, dattijo masanin ruƙiyya. Ya daɗe yana karatu kafin wata muryar namiji ta fito daga bakin yarinyar.

"Ƙarfen likitocin nan yana buga mini ɗaki a cikin kanta! Duk daɗin da ya zo mata ni ke cinyewa, yanzu ya fi ƙarfin bakina."

"Mi kake so?" in ji Malam.

"A daina kai ta Aliero. Sai in bar sauran gidan lafiya."

Atika ta fashe da kuka. "Malam, mu yarda!"

"Ba a sayen zaman gida da ɗiya," in ji shi, ya ɗaga murya da karatu. Lailatu ta yi ta birgima, jini na zuba ta hancinta. Muryar ta nemi a bar mata ido ɗaya, sannan yatsa, sannan ta rantse za ta fita. Ƙyauren ya tsage biyu. Shiru.

Lailatu ta buɗe ido. "Baba, wa ya yi maka haka?"

Jelani ya ja hannun cikin riga. "Sa ne ya ture ni a mayanka."

Malam ya sa takalmansa. "Aljani na kora. Ciwon yana nan, ku mai da ita ga likita."

Da safe Jelani ya raka ta da kansa, hannu a ɗaure da karan ɗori. Bai sake iya riƙe wuƙa ba, kuma har yau Lailatu tana tsine wa wannan sa.