Murfin da Ya Ƙi Rufuwa

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar da ba ta iya zama wuri ɗaya. Idan tana cin abinci, ƙafarta na rawa. Idan an aike ta, kafin a gama faɗin saƙon ta kai ƙofa. Can sai ta dawo tana haki, ta ce, "Me ma aka ce in sayo?"

A gida ana ce mata Injiniya. Gwaggonta ce ta laƙaba mata sunan, don babu wani abu mai sukuru a gidan da ba ta taɓa kwancewa ba. Mayarwar ce dai ba kullum take iyawa ba.

Gwaggo mai gyaran kwamfuta ce. Injiniya kuwa ba ta da burin da ya wuce kwamfuta. A makarantarsu yara biyar ke zama a gaban guda ɗaya. Kafin layi ya zo kanta, an kaɗa ƙararrawa.

Wata rana Gwaggo ta shigo gidan rungume da wani baƙin akwatin ƙarfe. Babu komai a cikinsa.

"Wannan gidan kwamfuta ne," in ji ta. "Kayan ciki za mu zaɓo ɗaya bayan ɗaya, mu haɗa da hannunmu."

Injiniya ta daka tsalle, har ta kusa ture kujera.

Amma Baba ya girgiza kai. Shi a gidan burodi yake aiki. Yana fita idan mutane sun kwanta, ya dawo da safe da fulawa a gashin girarsa. Barcinsa na rana ne, har ƙarfe huɗu. Teburin karatu kuwa yana falo, dab da ƙofar ɗakinsa, kuma ƙofar siririn katako ce.

"Na san kwamfuta," in ji Baba. "Akwai wata a wurin aikinmu. Idan aka kunna ta, sai ka ce injin niƙa."

"Yaya, wannan ba za ta yi ƙara ba," in ji Gwaggo.

Baba ya dubi 'yarsa. "To, ga sharaɗi. Ranar da ta tashe ni daga barci, ranar za ta bar gidan nan. Kin yarda?"

"Na yarda, Baba! Na yarda!"

Kafin Gwaggo ta tafi, ta ba Injiniya aiki ɗaya tak.

"Ki kwantar da akwatin, ki cire murfin. Ki auna zurfinsa da rula, daga ƙasa zuwa baki. Ki rubuta a takarda. Ranar Asabar za mu je shago."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Amma kada ki raina shi."

Ranar Litinin ta ce sai gobe. Ranar Laraba ta manta. Ranar Juma'a da yamma ta tuna, ta kwantar da akwatin, ta cire murfin. Daidai lokacin ƙawayenta suka fara kiranta daga waje.

"Injiniya! Fito mana, mun fara tsallen igiya!"

Ta leƙa jakarta. Rular tana can ƙasa, littattafai sun danne ta. Fito da ita ba zai ɗauki minti ɗaya ba. Amma minti ɗaya a wurin Injiniya shekara ce.

Sai ta zura hannu cikin akwatin, ta ware yatsunta. Taƙi ɗaya ne cif. Ta taɓa jin malaminsu ya ce taƙin babban mutum yakan kai santimita ashirin. Nata ai bai kai ba. Ta cire uku, ta rubuta goma sha bakwai. Ta cusa takardar a aljihu, ta fice a guje.

Ranar Asabar tun da sassafe ta shirya. Ta leƙa titi ya fi sau goma kafin Gwaggo ta iso.

Shagon ƙarami ne, kwalaye har sama. Mai shagon dattijo ne mai tabarau a kan karan hanci. Gwaggo ta gaishe shi, ta ce, "Mun zo neman kayan da ba su da surutu."

"To, ba irin wannan 'yar taki ba ke nan," in ji shi, yana dariya. Injiniya ta riga ta yi masa tambaya huɗu.

Idonta ya faɗa kan wata 'yar ƙaramar fanka mai fitilu kala-kala. "Gwaggo, wannan! Wannan nake so!"

"Tsaya ki ji," in ji Gwaggo.

Mai shago ya haɗa ƙaramar da wuta. Ta kama kuka, wiii, kamar sauro a kunne. Ya kashe ta, ya haɗa wata babba, baƙa, marar ado. Injiniya ta ga tana juyawa, amma sai da ta kai kunne kusa kafin ta ji komai.

"Me ya sa?" ta tambaya.

"Ƙarama sai ta yi gudu sosai kafin ta ba da iska," in ji Gwaggo. "Babba kuwa a hankali take juyawa, iskar ta isa."

Haka suka yi ta zaɓe. Suka ɗauki ma'ajiyar bayanai irin wadda babu abin da ke motsi a cikinta. Suka ɗauki akwatin wuta wanda fankarsa ba ta tashi sai ya yi zafi. Suka ɗauki babban allon da ake dasa komai a kai, da ƙwaƙwalwar kwamfutar, 'yar mitsitsiya kamar biskit.

"Saura abin sanyaya ƙwaƙwalwa," in ji Gwaggo. "Shi ke zama a kanta, ya janye zafi."

Injiniya ta riga ta koyi karatun. Ta nuna wanda ya fi kowanne girma, dogo kamar bene, da babbar fanka a gefensa.

"Kin iya zaɓe," in ji mai shago. Ya duba kwalin. "Tsawonsa santimita goma sha shida. Zai shiga akwatinku?"

Gwaggo ta miƙa hannu. Injiniya ta ba ta takardar.

"Sha bakwai. Ko an cire kaurin allo, zai shiga da ƙyar." Gwaggo ta ɗago kai. "Da rula kika auna?"

Injiniya ta tuna da awon da ta yi da hannu. Ta dubi dogon abin sanyayan, ta dubi ƙasa.

"Da rula," in ji ta.

A cikin mota ta kasa zama. Ta rungume kwalin, ta ajiye, ta sake ɗauka. Tana ta ce wa kanta, "Ai zai shiga. Dole ya shiga."

Da suka isa gida Baba ya riga ya kwanta. Mama ta ɗora yatsa a leɓe. Suka shimfiɗa kayan a kan tebur, suna magana ƙasa-ƙasa.

Aikin ya yi daɗi. Gwaggo na nunawa, Injiniya na ɗaure sukuru. Suka dasa allo. Suka sa ƙwaƙwalwa a gurbinta. Suka ɗora abin sanyaya, suka jona wayoyi.

"Saura murfi," in ji Gwaggo. "Rufe, bari in wanke hannu."

Injiniya ta ɗora murfin. Bai zauna ba. Gefe ɗaya ya sauka, ɗayan ya ɗage. Ta juya shi, ta sake ɗorawa. Ya ƙi. Ta leƙa, sai ta ga kan abin sanyayan ya ɗara bakin akwatin da faɗin yatsa.

Ta waiwaya, Gwaggo ba ta dawo ba. Ta danna murfin da hannu ɗaya. Ta danna da biyu. Ta ɗora ƙirjinta, ta danna da dukan ƙarfinta.

Murfin ya suɓuce. Ya daki gefen tebur, ya faɗi a kan siminti.

Ƙwarangaram!

Ya yi ta katantanwa a ƙasa kafin ya tsaya. Gidan ya yi tsit. Sai ƙofar katakon ta buɗe.

Baba ya fito, idanunsa jajir. Awa biyu kawai ya samu. Bai yi tsawa ba, kuma da ma ya yi, da Injiniya ta fi jin sauƙi.

"Ko kunna ta ba a yi ba," in ji shi a hankali. "Mun yi sharaɗi. A kwashe."

Ya koma ciki. Suna jin yana ta juyi a kan gado, barcin ya ƙi dawowa. Ga shi da dare zai tsaya a gaban tanda har gari ya waye.

Gwaggo ta dawo daga wanke hannu. Ta buɗe jakar makarantar Injiniya, ta ɗaga littattafai, ta zaro rula. Ta sa a cikin akwatin.

"Karanta min."

"Sha biyar," in ji Injiniya.

"Takardarki ta ce sha bakwai. Akwatin ne ya motse?"

Injiniya ta fashe da kuka. "Da hannu na auna, Gwaggo. Ƙawayena ne ke kirana. Na yi miki ƙarya a shago."

Gwaggo ta zauna. "Kuskuren awo kowa na yi. Ni ma na sha yi. Da kin gaya min gaskiya a shago, da mun dawo mun auna, magana ta ƙare. Ƙaryar ce ta tashi babanki, ba murfi ba."

Suka kwance duk abin da suka ɗaura. Kowane abu ya koma kwalinsa. Mama ta ɗora su a kan kabad, kafin Gwaggo ta samu lokacin kwashewa.

Wannan mako ya yi wa Injiniya tsawo. Ta zauna, ta tashi. Ta leƙa waje, ta dawo. Duk inda ta juya, kwalayen na kallonta daga sama. Abin da ya fi damunta shi ne yadda ta ga Baba ya fita aiki ranar, yana tafiya yana hamma.

Ranar Alhamis da yamma ta same shi yana ɗaura takalmi. Ta durƙusa a gefensa.

"Baba, ka yi haƙuri. Laifina ne, ba na kwamfuta ba."

"Gwaggonki ta gaya min komai," in ji shi. "Ina jira ne in ji daga bakinki."

Ta faɗa masa tun daga tsallen igiya har faɗuwar murfi. Ba ta rage komai ba.

Baba ya gama ɗaura takalminsa. Can ya ce, "Za ki koma wurin mai shago, ki gaya masa abin da kika gaya min. Ke da kanki, ba Gwaggo ba. Idan ya yarda ya canja, zan ba ki dama ɗaya. Ɗaya kawai."

Ranar Asabar ta goge abin sanyayan tas, ta mayar da shi kwalinsa. Ta auna akwatin sau uku, Gwaggo na kallo. A shago ta faɗa wa dattijon gaskiya da bakinta.

Mai shago ya sauke tabarau, ya duba kayan ta kowane gefe. "Kin yi sa'a bai lanƙwashe ba. Da hannu kika ce? To, hannun naki wace lamba aka rubuta a jikinsa?"

Injiniya ta sunkuyar da kai, kunya kamar ta nutse.

Ya ɗauko wani gajere mai faɗi, fankarsa babba a kwance a samansa. "Wannan fa? Kwalin ya ce sha ɗaya."

"Zan iya aunawa?" in ji ta.

"Auna, 'yata. Haka ake yi."

Sha ɗaya ne cif.

A gida suka sake haɗawa daga farko. Wannan karon Injiniya ta shimfiɗa tawul a ƙasa, ko da wani abu zai faɗi. Ta ɗora murfin da hannu biyu. Ya zauna lif, kamar an yi shi don wurin.

Ƙarfe biyu Gwaggo ta ce, "Danna maɓallin kunnawa."

Ta danna. Wata 'yar fitila ta kama. Rubutu ya bayyana a gilashin kallo da Gwaggo ta kawo ta jona wa kwamfutar. Injiniya ta kafa wa ƙofar katakon ido. Minti biyar. Minti goma. Ƙafarta na so ta yi rawa, ta riƙe ta da hannu. Babu abin da ake ji sai minsharin Baba.

Ƙarfe huɗu da 'yan mintoci ƙofar ta buɗe. Baba ya fito yana miƙa, fuskarsa fes. Ya dubi baƙin akwatin da ke ƙarƙashin tebur.

"To, na tashi," in ji shi. "Ku kunna mu ji."

Mama ta rufe baki da mayafi. Gwaggo ta kau da kai tana dariya.

"Baba," in ji Injiniya, "tun ƙarfe biyu take a kunne."

Baba ya durƙusa, ya kara kunne a jikin akwatin. Ya daɗe a haka. Sannan ya miƙe, ya dafa kan 'yarsa.

"Kwamfuta ta zauna," in ji shi.

Injiniya ta buɗe baki za ta yi ihu, sai ta tuna, ta rungume shi kawai.

Daga ranar ta gane abu biyu. Aikin da aka ba ka, komai ƙanƙantarsa, ka tsaya ka yi shi yadda aka ce. Idan kuma ba ka yi ba, ka faɗi gaskiya tun da wuri, kafin wani ya sha wahala saboda kai.