Kwana Ukun da Si Lahbib Bai Jira Ba

Ranar Laraba ce. Zafi ya wuni yana dukan garin, ko ganyen dabino ba ya motsi.

Si Lahbib ya dawo gida dab da magariba, rigarsa na warin maganin ƙwari. Shekara talatin yana cikin amintattun ɗakin karatu na garin. Shi ya bi ƙauyukan yankinsu na Tuwat gida-gida ya tattaro littattafan hannu da kakanni suka bari. Shekara arba'in kuma yana rubuta tarihin garin da alƙalaminsa, kwafi ɗaya tak. A ranar ya tarar gara ta shiga ɗakin ƙasa inda tsofaffin takardu suke. Ya toshe tagogi, ya kunna hayaƙin guba, ya ja ƙofa.

A al'adar garin, ba a yi wa tsohon ɗaki hayaƙi sai an yi kwana uku ana tsayawa bakin ƙofa ana sanar da mutanen ɓoye su kwashe iyalinsu. Ya san da haka. Shi da kansa ya rubuta al'adar a littafinsa. Amma ya ga gara ba za ta jira shi ba.

Matarsa, Lalla Mbarka, tana zuba kuskus a akushi sai dutse ya faɗo tsakar gida. Wani ya biyo baya. Na uku ya fasa tulu. Babu kowa a kan soro.

"Malam, me ka taɓo mana?"

"Zuba abinci," in ji shi.

Yamna, 'yarsu ɗaya tilo, malamar makaranta, ta fito daga ɗaki tana tari. Tarin ya ƙi tsayawa. Ta zauna a ƙasa, ta zuba wa ubanta ido, kallon da ba nata ba. Kwana biyu haka. Likita ya duba ƙirjinta bai ga komai ba, numfashinta kuwa sai raguwa yake.

Ranar Juma'a bayan la'asar, Si Lahbib ya haɗiye girman kai ya je wurin Si Bujuma'a mai ruƙiya. Tare suka yi allo, amma sun shekara ashirin ba sa ga maciji.

"Mai tarihi ne da kansa? Ashe akwai abin da babu a takardunka."

"Taso, Bujuma'a. Ka yi gorin daga baya."

Malamin ya zauna kusa da kan Yamna ya yi ta karatu har rana ta yi ja. Sai bakinta ya buɗe da muryar tsoho.

"Ya isa, malam. Ina jin ka."

"Wane ne kai?"

"Maƙwabcinsa. Tun ba a haifi kakansa ba muke ɗakin takardun can. 'Ya'yana uku, duk hayaƙinsa ya kashe su. Ƙaraminsu ya mutu yana yaƙushin ƙofa. Kwana uku kacal, Lahbib."

"Yarinyar ba ta yi maka komai ba," in ji malamin. "Ka ji tsoron Allah."

"Nawa me suka yi?"

"Za a yanka rago, a yi sadaka."

"Ku cinye ragonku. Ya kashe min 'ya'ya saboda takarda, to ya ba ni tasa. Littafin nan da yake taƙama da shi, ya ƙone shi a gabana, shafi-shafi. In ya ƙi, tarin nan ba zai kai ta asuba ba."

Si Lahbib bai motsa ba.

"Malam!" Lalla Mbarka ta daka masa tsawa. "Tunani kake yi?"

Ya tashi. Ya ɗauko littafin, ya jawo kaskon garwashi. Shafin masu haƙa rijiyoyi wuta ta fara ci, sai na shekarar yunwa, sai sunayen limamai tun na farko, waɗanda ban da shi babu mai rai da ya san su.

"A hankali," in ji muryar. "Ba sauri nake ba."

Da shafin ƙarshe ya zama toka, aljanin ya ce, "Ban yafe ba. Na dai tafi."

Yamna ta yi atishawa sau uku, ta ja dogon numfashi. "Inna, ruwa."

Da safe Si Lahbib ya tattara tokar a farin ƙyalle, ya ɗauki fartanya, ya nufi maƙabarta. Ya haƙa rami a gefen kabarin ubansa, ya binne ta. Bai kira kowa ba.