Huji Takwas a Ƙarƙashin Teburi

Ranar da suka fara haɗuwa faɗa suka yi, kuma a kan santimita biyu.

Ita 'yar kafinta ce, aikinta tsara cikin gidajen masu hali, ita ke cewa kujera nan, fitila can. Ta shigo wurin walda da tef ɗin awo rataye a wuya, tana tsallake gutsattsarin ƙarfe. Shi kuwa mai waldan yana durƙushe a kan ƙafar teburi, wuta na tartsatsi, sai da ta yi sallama sau uku kafin ya ji.

Ya ɗaga gilashin fuskarsa. Ya gan ta, ya manta bai kashe inji ba.

"Malam, ƙafar nan ta fi wadda na zana tsayi da santimita biyu."

"Ko sannu da aiki babu?"

"Sannu da aiki. Santimita biyu."

Ya karɓi tef ɗin ya auna, ya sake aunawa. Ita ke da gaskiya, abin haushi. Ya yanke ƙafafun nan huɗu tana tsaye a kansa, ya kuma rantse a ransa cewa daga yau duk abin da ta zana haka zai fito, ko gashi ɗaya ba zai ƙara ba.

Kafin ta isa ofis saƙo ya shigo wayarta.

"Santimita, kin manta biro ɗinki. Na auna shi, daidai yake."

Ta ja tsaki. Ta karanta sau huɗu kafin ta rubuta: "Ajiye min, Tartsatsi. Kada ka yi masa walda."

Shi ke nan fa, sunaye suka zauna.

Teburin na wata likita ne da ta tare a bene na tara. Ta ce ta gaji da kujerun nan masu ruwan zinariya da kowa ke jibgewa a falo. Tana son teburin cin abinci na mutum goma sha biyu, samansa katako mai kauri, ƙafafunsa siraran baƙin ƙarfe, wanda idan ka shigo za ka rantse katakon a iska yake tsaye. Abin da ake yayi ke nan a manyan gidaje yanzu, kuma gaskiya yana da kyau. Katako ya kawo ɗumi, ƙarfe ya kawo tsafta, ɗaki ya samu wurin shan iska.

Katakon kuwa na Baban Santimita ne. Tsohon kafinta ne mai taurin kai, shekara goma sha ɗaya allon nan na jingine a bayan shagonsa yana bushewa, ko taɓawa ba ya bari a yi. Sai da ta yi mako biyu tana lallashi.

"Ƙarfe a ƙarƙashin katakona?" in ji shi. "Teburi ne ko ƙofar gareji?"

"Baba, don Allah. Shi ne aikina mafi girma."

Ya kankare shi da hannunsa, ya goge, ya shafa masa mai har sau biyar. Amma ya ce ba zai je ya ga an ɗora shi a kan ƙarfe ba, zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Da ma ya je, jama'a. Da duk wannan bai faru ba.

A makonnin aikin nan ne soyayya ta yi ƙarfi. Kullum sai ta samo dalilin zuwa duba firam ɗin ƙarfen da katakon teburin zai hau, firam ɗin da ya riga ya ƙare tun tuni.

"Yau kuma me ya karkace?" yakan tambaye ta.

"Zuwa na yi in tabbata."

"To, auna ni ma, ko na kai."

"Kai ai ka yi yawa. Musamman bakin."

Ranar da aka haɗa teburin a gidan likita, ya kwanta a ƙasa ya zura noti takwas a huji takwas da ta zana, ƙanana zagayayyu, kowanne daidai kaurin notinsa. Ya ɗaure su tamau, ya ƙara ɗaurewa, don kada a ce aikin masoyinta yana girgiza. Likita ta yi ta zagaya teburin tana shafawa. Da suka sauko, a cikin lif, ya ce mata yana so ya zo ya gaida Baba.

Ta kalli lambobin benen suna sauka. "Ranar Asabar ta sama. Kuma ka wanke hannun nan da kyau."

Bai kai ga zuwa ba. Na'urar sanyaya ɗakin likita ba ta hutawa, ta tsotse sauran laimar katakon. Shi katako idan ya bushe takurewa yake yi, idan ya sha laima ya buɗe, duk ɗan kafinta ya san wannan tun yana rarrafe. Wannan ya nemi ya takure, noti takwas suka ce ba inda za ka. Ana cikin cin abincin rana ya tsage daga kai har tsakiya, da ƙara kamar an fasa faranti.

Labari ya riga su isa wurin Baba, kuma kun san wa ya kai shi? Wani mai shagon gilashi da ke shigo da kayan ɗaki daga waje, wanda ya daɗe yana yi wa 'yar kafinta rawar kai tana basar da shi. Shi ya kai wa likita kujerun falo, don haka ya ga abin da idonsa. Ya ɗauki hoto, ya shiga motarsa, ya zo har shagon Baba yana jajantawa kamar an yi rasuwa.

Da aka dawo da teburin shago, Baba ya sa aka kife shi. Ya daɗe yana kallon hujin nan takwas. Mai walda na tsaye a gefe, 'yarsa na bakin ƙofa.

"Wa ya yi wannan?"

Ta buɗe baki. Mai walda ya riga ta.

"Ni ne, Baba. Ni na huda, ni na ɗaure."

"Kada ka ce min Baba. Shekara goma sha ɗaya! Ka ɗaure shi ko motsi ba zai yi ba, kana jira ya yi yaya? Na ji kuma wai kana son zuwa gaishe ni. To, ka riga ka gaishe ni. Mutumin da bai san abu mai rai yana buƙatar wurin motsi ba, ba zan ba shi 'yata ba. Kada in sake jin ka kira ta."

Ita kuwa ta yi shiru. Ta yi shiru, wallahi! Yarinyar da ke iya tsayar da gini guda saboda santimita biyu, ranar nan harshenta ya maƙale don kunyar ubanta.

Kwana tara tana aika saƙo.

"Tartsatsi, wa ya aike ka? Zanena ne."

"Ka ɗaga waya mana."

"To, yi ta fushin. Ni ma na iya."

Ba fushi yake ba. An ce kada ya kira, shi kuma bawan Allah ya ɗauki maganar kamar zane, zai bi ta har layin ƙarshe. Yana karanta saƙonnin, yana kifa wayar, yana lalata ƙarfen mutane.

Mai shagon gilashi kuma ya samu fili. Ya aiko wa Baba kujera mai ƙyalli kyauta. Baba ya danna ta da babban yatsa, ya ce garin katako ne aka manna da gam, amma ya bar ta a falo, kuma ya fara cewa yaron yana da ladabi.

Mama ce ta gaji. Ta same ta a kicin tana wanke kofi ɗaya tun ɗazu.

"Kofin nan ya fita tun jiya. Faɗa min gaskiya, wa ya zana hujin?"

Ta fashe da kuka.

"Na sani ai. Kin bar ɗan mutane ya ɗauki kayanki, kina nan kina cika min kicin da hawaye. Ɗauki takardar ki je wurin ubanki, ko ni in kai."

'Yar kafinta ta shimfiɗa zanen a kan bencin aikin Baba. Ya sa tabarau. Huji takwas, ƙanana zagayayyu, da awonsu, da sa hannunta a ƙasa.

"Ke?"

"Ni ce, Baba. Shi abin da na zana ya bi."

"Ke da na goya a shagon nan? Tun kina shekara shida nake ce miki katako yana numfashi! Dogon huji ake yi, noti ya samu wurin zamewa!" Ya cire tabarau ya mayar. "Shi kuma wancan sakaran ya tsaya ina zaginsa, ya ƙi faɗa?"

"Ya ƙi."

"Kai, na shiga uku da ku. Ɗaya ta sani ta manta, ɗaya bai sani ba ya ɗauki laifi. Kira min shi."

Ta ɗauki waya ta rubuta: "Baba ya ce ka zo. Na faɗa masa. Idan ka sake yi min irin wannan kirkin, ba ni ba kai."

Amsa ta zo kafin ta ajiye wayar: "Ina hanya, Santimita. Na wanke hannu."

Baba bai ba shi haƙuri ba, ba halinsa ba ne. Ya nuna masa allon da ya tsage, ya ce su gani ko ƙarfen nasa yana da wani amfani. Mako uku suna aiki tare suna musu. Baba ya daidaita bakin tsagar, mai walda ya ƙera siririn baƙin ƙarfe ya kwantar a cikinta tun daga kai har tsakiya. Ya sake firam, ya yi dogayen huji takwas, ya ɗaure notin da sauƙi yadda tsohon ya nuna masa. Sannan Baba ya sa aka ajiye teburin wata biyu, mako a ɗakin sanyi, mako a shago, ba wanda ya isa ya yi maganar aure.

Teburin bai ce uffan ba, ko tsaga ɗaya bai sake yi ba.

Likita ta zo karɓar sabon teburin da aka yi mata a madadin wanda ya tsage, idonta ya faɗa kan tsohon. Layin ƙarfen nan ya ratsa katakon kamar da ma da shi aka halicce shi.

"Ni fa wannan nake so. Ya fi da kyau."

"Naki ga shi can, likita," in ji Baba, yana goge hannu da tsumma. "Wannan ɗakin 'yata zai je. Mijinta ne ya gyara shi."

Guduma ta suɓuce daga hannun mai walda. 'Yar kafinta ta rufe fuska da tafin hannu. Baba ya ce wa ya ce a tsaya, akwai sauran aiki.

Ranar bikin, bayan an ɗaura aure an taru a sabon gidan, aka nemi uban amarya aka rasa. Mama ce ta hango takalmansa sun leƙo daga ƙarƙashin teburi. Yana kwance rigingine da sababbin kayansa, ya kunna fitilar waya yana duba huji ɗaya bayan ɗaya.

"Haba, Malam! A gaban surukai?"

Ya fito da ƙyar, ango ya kama hannunsa ya tayar da shi. Baba bai saki hannun ba.

"Noti na ukun ya ɗan yi tsauri. Gobe ka sassauta shi."

"To, Baba."

Wannan karon bai hana shi ce masa Baba ba. Ya jawo hannun 'yarsa ya ɗora a kan na angon, a kan layin ƙarfen nan.

"Ka riƙe ta da kyau, amma ka bar mata wurin motsi. Ke kuma ki riƙa faɗin gaskiya tun kafin kwana tara. Allah ya yi muku albarka, ya zaunar da ku lafiya, ya cika teburin nan da 'ya'ya har kujeru su kasa."

Aka amsa da amin har maƙwabta suka ji. Amarya ta matso kusa da kunnen angonta.

"Tartsatsi, hularka ta karkace."

"Da nawa?"

Ta miƙa hannu ta gyara masa da kanta.