Hoton Mai Wandon Jins

Akwai wata yarinya 'yar shekara goma sha biyu. A Kano aka haife ta, amma a Guangzhou take zaune da iyayenta. Abbanta ɗan kasuwa ne. Wandunan jins yake sarowa a garin Xintang, ya loda a kwantena, ya aika gida.

Yarinyar tana da ƙoƙari. Aibinta ɗaya ne, ba ta son abin da zai ɗauke ta lokaci.

Wata rana malamar tarihi, Malama Liang, ta ba su aiki. Kowa zai zaɓi abu ɗaya daga tarihin Amurka, ya bincika, ya rubuta. Bayan mako uku za a manna ayyukan a allo, iyaye su zo su gani.

"Makaranta ta buɗe muku rumbun tarihi na intanet a kwamfutocin ɗakin karatu," in ji malama. "Akwai tsofaffin hotuna da jaridu da wasiƙu. Duk abin da kuka rubuta, ku faɗi inda kuka samo shi."

Yarinyar ta zaɓi tarihin wandon jins. Sau ɗaya ta shiga ɗakin karatu. Shafukan suna jinkirin buɗewa, rubutun tsofaffin jaridun kuma duk ya dushe. Minti goma ta yi, ta ɗauki jakarta.

Ranar Juma'a Abba ya dawo daga Masallacin Huaisheng tare da amininsa, Kawu Tankari, mutumin Maraɗi. Da Kawu ya ji aikin da aka ba ta, sai ya zaro waya.

"Zo ki gani, ɗiyata. Aikinki ya ƙare."

Tsohon hoto ne na wani baƙin mutum sanye da wandon jins. A ƙasa an rubuta: "Wannan marini ne daga Kano. Shi ya fara ɗinka wandon jins a Amurka."

"Ƙanena ya turo mini daga Yamai," in ji Kawu. "Kowa ya san labarin."

Abba ya daɗe yana kallon hoton. "Ashe sana'ar ma tamu ce tun asali," ya ce.

Yarinyar ta buga hoton a takarda. Ta rubuta shafi biyu a zama ɗaya, ta ƙara gishiri inda labarin ya yi lami.

"Kin duba kuwa a makaranta?" Umma ta tambaye ta.

"Umma, an ce fa kowa ya sani."

Abba kuwa bai bar kowa ba. Ya faɗa wa abokansa a masallaci. Ya faɗa wa laoban, mai shagon da yake sayen kaya a wurinsa. Ya gayyace su su zo makaranta ranar Asabar, ranar baje ayyukan, su ga aikin 'yarsa.

Ranar Litinin ta miƙa aikin. Malama Liang ta karanta, ba ta yi murmushi ba.

"Daga ina kika samo wannan?"

"Daga wayar kawuna."

"Shi kuma daga ina?"

"Ƙanensa ne ya turo."

"Ƙanen fa?"



Malama ta ja ta zuwa ɗakin karatu. Ta nemo hoton a rumbun tarihi. Ga shi nan, shi ɗin ne. A gefensa akwai bayani. A gonar auduga aka ɗauke shi, shekaru masu yawa bayan an fara ɗinka jins.

"Ina sunansa?" yarinyar ta tambaya.

"Meiyou," in ji malama. Babu kenan. "Ba a rubuta sunansa ba. Ba a ambaci Kano ba. Wani ne ya ƙirƙiro labarin, ke kuma kika sa sunanki a kai. Ba zan manna wannan ba. In kin kawo na gaskiya zuwa Juma'a, zan duba."

Ta ja layi a kan sunan yarinyar a jerin masu baje aiki.

A jirgin ƙasa na komawa gida, yarinyar ba ta ɗaga kai ba. Tana shiga ta tarar Umma tana goge wa Abba kaftaninsa na Asabar. Ta wuce ɗaki. Aka zuba mata shinkafa, ta kasa ci.

Washegari ma ba ta faɗa ba. Abba ya shigo yana cewa mutum shida sun yi alkawarin zuwa. Ta ga kamar duk duniya babu wanda ya kai ta wauta. Ta yi tunanin ta ce ba ta da lafiya ranar Asabar. Amma ai Abba zai tafi ko babu ita, ya tsaya da abokansa gaban allon da babu sunanta.

Ranar Laraba da safe ta same shi yana shan shayi.

"Abba, labarin nan ƙarya ne. An cire sunana."

Abba ya ajiye kofi. Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi, da ya fi mata sauƙi.

"Mutum ya fi ashirin na faɗa wa," ya ce a hankali.

Ta fara kuka.

"Share hawayenki. Ni ban yi boko mai nisa ba. Amma ban taɓa sayen wando don laoban ya ce mai kyau ne ba. Sai na juya shi ciki waje, na duba ɗinki, na ja zif. Ke kin juya naki?"

"A'a, Abba."

"Ni ma ban juya ba. Ya yi mini daɗi, na haɗiye. Je ki duba. Saura kwana biyu."

Ranar duk lokacin tara da bayan tashi tana gaban kwamfuta. Ta rubuta "jins", aka zubo mata dubban shafuka. Ba ta samu komai ba sai ciwon ido. Ta koma gida hannu wofi.

Ranar Alhamis ta kusa haƙura. Sai ta tuna launin wandon. Ta nemi shuni.

Wani tsohon zane ya buɗe. Baƙaƙen mutane ne tsaye gaban manyan kwatarniyoyi, suna dama ruwan shuni da dogayen sanduna. Bayanin ya ce bayi ne da aka kwaso daga Afirka, suna aikin shuni a gonakin kudancin ƙasar Amurka. Ga shekarar zanen, ga inda aka adana shi.

Ta tuna marinar da ta gani a Kano. Amma wannan karon ba ta ƙara gishiri ba. Ta rubuta abin da ta gani. A ƙarshe ta sa: "Ban san garinsu ba. Ban san sunayensu ba."

Shafi ɗaya ne kawai. Malama Liang ta karanta, ta mayar da sunanta.

Ranar Asabar Abba ya zo da kaftaninsa da abokansa. Ya tsaya gaban allo.

"Labarin da na ba ku ba gaskiya ba ne," ya ce. "Ga na gaskiya nan. 'Yata ce ta tono shi."

Kawu Tankari ya karanta har ƙasa. Ya sosa ƙeya, ya zaro waya.

"To, ɗiyata, nuna mini yadda ake goge hoton nan. Sannan zan kira ƙanen nan nawa."

Kowa ya yi dariya, har yarinyar.

Yara, duk labarin da ya zo muku, ko daga wa ya zo, ku tambayi inda ya fito. Wanda ya fi yi muku daɗi, shi za ku fi dubawa.